Kan Batir, Ƙaramin Abin da Ke Kwantar da Motar Rimot

Duk shekara, da an sauko daga Idi aka ɗan taɓa yawon Sallah, teburan masu gyaran rediyo da fitila a Ƙauran Namoda sukan cika da motocin rimot. Wasu iyaye ne suka sayo wa yaransu a Gusau ko Kano, wasu kuma yaran ne suka tara barka da Sallah suka saya da kansu. Kukan duk iri ɗaya ne: "Baba, wagga mota ta ƙi tashi, kuma jiya na cika ta da caji." Mai mota yakan zo da tabbacin inji ne ya ƙone. Mu da muke wannan sana'a mun san ba kasafai inji ke ƙonewa ba. Inda nake fara dubawa shi ne mahaɗar wayar batir da wayar mota, ɗan robar nan da muke kira kan batir ko filogi. Galibi a nan ɓarnar take. Ko ya yi baƙi, ko ya narke gefe guda, ko ya saki har yana rawa, ko kuma an yanke shi gaba ɗaya an murɗe wayoyin da hannu an naɗe da baƙin salatif.

Motocin da ke zuwa hannuna iri uku ne. Mafi yawa 'yan ƙananan nan ne na wasan yara, ƙirar Sin, masu ɗan batir naɗe da shuɗiyar roba. Sai waɗanda samari ke ƙerawa da kansu, da gwangwanin madara da kwali da tayar da aka yanko daga tsohon silifas, a sa musu injin tsohuwar DVD ko na fankar caji, a ciro batir daga mataccen laftof. Waɗannan su na fi so, don su suka gaji motar kara da muka yi da ƙuruciya, kuma ba na raina mai yin su. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka, shi ma da zanen motoci ya fara tun yana yaro. Iri na uku ba su da yawa, amma saboda su na zauna rubuta wannan: motocin tsere na gaske, waɗanda kan ɓullo jifa-jifa cikin kayan gwanjo, ko wani ya yo tsarabarsu daga waje, ko ɗalibi ya yi odarsu ta intanet. Irin waɗannan kusan kullum ba sa zuwa da batirinsu. In ma sun zo da shi, ya daɗe da mutuwa. Sai mai mota ya nemo wani batir, ya tarar kansa bai shiga na motar ba, daga nan kuma sai a fara dabara.

A wasu ƙasashe tseren waɗannan motoci wasa ne na manya, mai ƙungiyoyi da dokoki da alƙalai. A Amurka an kafa ƙungiyar ROAR tun 1967, ta duniya kuma, IFMAR, a 1979. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motar rimot ɗinsa ta farko a 1976, ya kuma yi suna har aka riƙa kiran wani farin filogi da sunansa. Ko a nahiyarmu an taɓa yin gasar duniya, a garin Welkom na Afirka ta Kudu a 2018. Motocin gasa galibi kashi 1 cikin 10 ne ko 1 cikin 8 na girman motar hawa, amma gudunsu ba na wasa ba ne: kamfanin Traxxas na jihar Texas yana da wata mai suna XO-1 da ke kaiwa kilomita 160 a awa. Zagaye ɗaya na tsere bai cika wuce minti 5 ko 6 ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci motar takan zuƙe kaso mai tsoka na cajin batir. Duk wutar nan ta cikin ƙarfe biyu da ba su kai kaurin fensir ba take bi.

Ga yadda nake yi wa yarana na shago bayani. Wanda ya taɓa noman rani a bakin gulbin Gagare ya san injin ban-ruwa da tiyo. Ƙarfin da injin ke tunkuɗo ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo kuwa shi ne amfiya. In ka haɗa manyan tiyo biyu da siririn mahaɗi, ruwan da zai kai gona ya ragu, kuma a mahaɗin nan ne za a fara ganin tsiyaya. To haka kan batir yake, sai dai shi maimakon tsiyaya zafi yake yi. Mutanenmu sukan kula da bolt, don shi aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin batir: 3.7 ko 7.2 ko 7.4 ko 11.1. Amma abin da ke narka filogi amfiya ce, ita kuwa ba a ganinta a rubuce a jikin mota.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata duk mai taɓa batir ya riƙe. Zafin da mahaɗi ke yi ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da yawan wuta. In wuta ta ninka sau 2, zafi sau 4 yake ninkawa, in ta ninka sau 3, shi sau 9. A ɗauki filogin da ya tsufa ya saki, a ce turjiyarsa ga wuta ta kai ohm 0.005. In amfiya 10 ta bi ta cikinsa, zafin rabin wat ne kacal, ba wanda zai lura. In ta kai amfiya 30, ya zama wat 4.5. In ta kai 60, wat 18 ke nan, a tattare a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ƙaramin ayon ɗin soda da muke gyaran waya da shi wat 30 ne ko 40, ka ga an kusa rabinsa. Shi ya sa filogin da ya shekara lafiya a mota mai tsohon inji yakan narke rana ɗaya in aka sa mata sabon inji mai ƙarfi, ko aka kai ta cikin rairayi. Rairayi yana riƙe taya, inji ya yi ta kokawa, ya ja wuta fiye da yadda yake ja a kan siminti. Yaran Zurmi da na Moriki da ke tsere a fili mai yashi sun fi 'yan'uwansu masu wasa a tsakar gida ƙona filogi, ko da motocin iri ɗaya ne.

Kawunan batir suna da yawa, kuma kowane kamfani da inda ya sa gaba. Ɗan jan nan siriri da ake kira JST, amfiya 3 aka yi shi ya ɗauka, ya ishi fitila da 'yar ƙaramar mota. Akwai baƙi mai 'yar maƙala da ke zuwa a yawancin motocin yara, shi ma na ƙaramin aiki ne. Farin Tamiya ya yi zamaninsa lokacin batir mai ƙwaya 6 na bolt 7.2, amma ƙarfen cikinsa falle ne da aka naɗe, yana buɗewa da yawan sawa da cirewa, kuma da wuta ta wuce amfiya 15 ya fara ɗumi. Sai jan nan mai siffar harafin T, na kamfanin Deans, wanda ya daɗe yana mulki a wurin 'yan tsere. Yana ɗaukar wuta sosai, amma ƙarami ne, yana da wuyar kamawa da yatsa in hannu ya yi gumi, kuma jabunsa sun cika kasuwa. Akwai shuɗi, EC3 da EC5, waɗanda lambarsu ke nuna kaurin ƙarfensu, milimita 3.5 da milimita 5. Traxxas kuma ya yi nasa na kansa, don ka ci gaba da sayen batir a wurinsa.

Wanda ya fi yaɗuwa yanzu shi ne rawayan nan na kamfanin Amass na ƙasar Sin, mai girma uku: XT30 da XT60 da XT90. Ƙarfen XT30 milimita 2 ne, na XT60 milimita 3.5, na XT90 kuma 4.5. Mutane sukan ɗauka lambar ita ce amfiyar da filogin zai ɗauka daga safe har dare. A'a, wannan iyakarsa ce ta ɗan lokaci. In wuta za ta yi ta bi ba tsayawa, a lissafa masa kamar rabin lambar, an fi zama lafiya. Motar tsere ba ta jan wuta bai ɗaya, sai lokacin tashi da lokacin fita daga kwana take fizga, shi ya sa XT60 ke isar yawancin motoci masu girman 1 cikin 10.

Su kuwa 'yan gasa na gaske, da yawansu ba sa amfani da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Batirinsu na litiyom ne, wanda ake rubuta LiPo a jikinsa, yana cikin ƙoƙo mai tauri, kuma ba waya a jikinsa. Ramuka biyu ne kawai a saman ƙoƙon, sai wani ɗan ƙarami na daidaita caji. Wayoyin mota kowace da ɗan ƙarfe zagayayye a bakinta, a cusa shi kai tsaye cikin ramin. Da can ramukan milimita 4 ne, daga baya kamfanoni da yawa suka koma milimita 5, don ƙarfe mai kauri ya fi faɗin wurin haɗuwa, ya fi rage zafi, kuma ba ya saurin saki. Wannan canji ya jefa mutane cikin tsaka mai wuya: mai tsofaffin batura na 4 ya sayi sabo na 5, motarsa ba ta shiga duka biyun. Aka fito da 'yan ƙarafa da ake sakawa cikin ramin 5 don ya karɓi 4, aka kuma fito da filogi mai hawa biyu, bakinsa 4 gindinsa 5.

Ra'ayina a kan wannan, ga wanda ba gasar duniya zai je ba, shi ne kada ya wahalar da kansa. Bambancin da ke tsakanin 4 mai kyau da 5 mai kyau, a motar da batirinta bolt 7.4 ne, sai agogon alƙalin tsere ne zai gan shi. A filin ƙwallon unguwa ba za ka ji shi a hannu ba. Wani bawan Allah ya taɓa kawo motar ɗansa ya ce mini, "Malam, a sa mata babba mana, ta ƙara gudu." Na ce, "Alhaji, babban filogi ba ya ba mota ƙarfin da batir bai ba ta ba. Hana asara kawai yake yi, kuma naka ba ya asara." Yadda ake ganewa ba wuya. A yi gudu da motar minti 5, a tsaya, a taɓa filogin. In ɗumi ne kawai, a bar shi. In ba ka iya riƙe shi, ko robarsa ta fara canza launi, ya yi ƙanƙanta ko ya saki, lokacin canji ya yi.

Abin da ya fi damuna da wannan tsari na ramuka biyu shi ne ba abin da zai hana ka juya su. XT60 gefensa ɗaya a miƙe yake, ɗayan an yanke masa kusurwa, ko da ido a rufe ba zai shiga a juye ba. Amma ƙarfe biyu zagayayyu masu kauri ɗaya, kowanne zai shiga kowane rami. Ja ya shiga wurin baƙi na ƙiftawar ido kawai, akwatin da ke sarrafa gudun inji, mai rubutun ESC a jikinsa, ya tafi ke nan, sai hayaƙi da wari. Shi ne kuma kusan mafi tsada a cikin motar. Dabarar 'yan tsere a nan mai sauƙi ce, kuma ina yi wa duk wanda ya kawo mini irin wannan mota: a gajarta waya ɗaya yadda ba za ta kai ramin da ba nata ba, sannan a shafa jan fenti ko jan farce a bakin ramin fositif.

Ko a motocin yara akwai irin wannan tarko, kuma shi ya fi cin mutanenmu. Baƙin filogin nan mai maƙala, kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wane gefe ne ja wane ne baƙi ba. Sai ka sayi batir a kasuwa, kansa ya shiga daidai har ya yi ƙas, alhali jar wayarsa tana fuskantar baƙar wayar mota. Shigar filogi ba shaida ba ce. Kafin a cusa, a jera su a duba: ja ya fuskanci ja, baƙi ya fuskanci baƙi. In wayoyin ba masu launi ba ne, ko ana shakkar wanda ya haɗa su, a sa mita. Ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, sukan biyo ta shagona neman kayan aikin gwajinsu, kuma nakan ce musu mita ita ce farkon abin saye, kafin ayon, kafin komai.

To in batir da mota sun saɓa, wanne za a canja? Da yawa sukan guje wa tambayar su nemi 'yar wayar tsakani, mai kai iri ɗaya nan, wani iri can. Ba na hana ta in ta rana ɗaya ce, ko don caji, tunda caja amfiya kaɗan take turawa. Amma a bar ta a cikin mota dindindin, ban yarda ba. Inda da mahaɗi ɗaya ne, yanzu sun zama biyu, ga ƙarin wuraren soda huɗu, ga ƙarin tsawon waya da za ta yi ta lilo har ta taɓa giya. Kuma ƙaramin kan da kake gudu yana nan bai tafi ba, shi zai ci gaba da yin zafi. Abin da ya dace shi ne mutum ya zaɓi iri ɗaya ya mayar da komai nasa kansa: mota, batura, da wayar caja. In batir ɗaya gare ka kuma kansa mai kyau ne, canja na motar, don yanke wayar mota ba ya da haɗari in an cire batir. In kuwa dole sai an taɓa na batir, nan ne ake bukatar natsuwa.

Batirin LiPo ba shi da makunni, kullum a kunne yake. Wanda aka rubuta wa 5000 da 50C, a lissafin masu shi zai iya sako amfiya 250. Ko a ce sun yi ƙari, rabin wannan ma ya isa ya narka bakin almakashi. Wanda ya kama wayoyi biyu ya datse su tare da filaya, ya haɗa ja da baƙi ta cikin ƙarfen filayar. Saboda haka waya ɗaya ake yankewa, a gama aikinta, a rufe ta, sannan a taɓa ta biyun. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a yi aikin a kan tiren ƙarfe ko murfin tukunya. Kuma macen filogi, wato mai ramuka, ita ake sa wa batir, namijin a jikin mota, don kada ƙarfe mai wuta ya zauna a fili cikin aljihu tare da makulli da kwabbai.

Kafin a kunna ayon, a fara zura 'yar robar nan mai tsukewa in ta ji zafi a jikin wayar, a tura ta nesa da wurin aiki. A feƙe bakin waya kaɗan, a murza gashinta, a shafa mata dalma har ta sha ta ciki. A shafa wa kofin filogin shi ma. Sannan a haɗa su a ɗora ayon, dalmar biyu ta narke ta zama ɗaya, a ɗauke ayon a riƙe wayar ba motsi har ta daskare. Soda mai kyau tana sheƙi, ta kwanta lif. In ta yi dunƙule ta yi toka-toka, ba ta kama ba, a sake. A XT60 gefen da yake a miƙe shi ne na jar waya, mai yankakkiyar kusurwa na baƙa, kuma akwai alama a jikin robar. Wata dabara: a cusa wa filogin abokinsa, wanda ba waya a jikinsa kuma an rufe bayansa da salatif, lokacin da ake sodar. Yana riƙe ƙarfen kada ya karkace in roba ta yi laushi, yana kuma ɗebe zafi.

Ƙaramin ayon na gyaran wayar hannu ba zai yi wannan aiki ba. Waya mai kauri tana shanye masa zafi, sai ka daɗe kana dannawa, dalma ba ta narke ba roba ta narke. Ana son mai wat 60 zuwa sama, mai faɗin baki. Da yake wutar NEPA a wajenmu sai an ga dama, da yawa daga cikinmu har yanzu muna ajiye ayon na jan ƙarfe da ake sawa a garwashi. Ba abin kunya ba ne, kuma a wannan aiki ma ya fi ƙananan na lantarki, don yana riƙe zafi. Sharaɗi ɗaya ne: kaskon wuta yana can, batir yana nan, ayon ne ke tafiya tsakaninsu. Abin da ba na so a aro daga masu liƙin lagireto shi ne ruwan asid ɗin da suke shafawa kafin su liƙa. Yana sa dalma ta kama nan take, amma yana bin gashin waya ya shige ƙarƙashin roba ya yi ta ci, bayan 'yan watanni wayar ta yi kore ta karye. Dalmar lantarki mai ƙaro a cikinta ake nema.

Tunda an ambaci dalma, mu 'yan Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon wa'azi. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka yi shekaru suna jinya. Zaren sodar da muke saye, mai lamba 60/40, kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma. Ba ta kai haɗarin ƙurar niƙa ba, amma nakan ga yara masu koyon gyara suna riƙe zaren da haƙora don hannuwansu biyu na aiki, su gama su sa hannu a kwanon abinci. A daina. A wanke hannu da sabulu, a share ɓurɓushin, kada ƙanana masu rarrafe su tsinta.

Filogi mai kyau a kan waya marar kyau aikin banza ne. Motar tsere tana son waya mai lamba 12 ko 14, mai laushin roba da ba ta narkewa da zafin ayon. Lambar waya a juye take tafiya, 12 ta fi 14 kauri. Kasuwanninmu kuma sun cika da wayar da ake ce wa jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka yi wa wanka. A kankare gashinta da reza, in fari ya bayyana a ciki, a ajiye ta. Alminiyom bai kai kashi 2 cikin 3 na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, kuma ba ya karɓar soda da daɗi. Filogin ma akwai jabu. Na gaske robarsa tana jure zafi, sunan kamfani a rubuce tsaf, yana shiga da ɗan ƙarfi ya riƙe. Na jabu da ayon ya taɓa shi sai ƙarfen ya fara iyo a cikin roba.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan filogi ta zauna, kullum aka cusa sai ta goge ruwan zinaren da ke saman ƙarfen. A riƙa busawa, a riƙa gogewa da tsohon buroshin haƙori. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, filogi da batir tun kafin a kunna mota sun riga sun yi ɗumi. Kada a bar batir a cikin mota a rana, kada a yi caji a kan katifa, kada a tafi masallaci a bar shi a caja. Ƙwaya ɗaya ta LiPo cikarta bolt 4.2 ne, kada ta sauka ƙasa da 3, in kuma za a ajiye ta kwanaki a bar ta wajen 3.8. Cajar da aka yi don tsohon batir mai rubutun NiMH ba ta cajin LiPo, ko da kan ya shiga. Wannan ma wani haɗari ne da canjin filogi ke jawowa: da can bambancin kai ne ke hana yaro haɗa batir da cajar da ba tasa ba, yanzu da ka mayar da komai iri ɗaya, sai ka rubuta wa kowace caja sunan batirinta.

Me ya sa na nace a kan iri ɗaya? Saboda inda muke zaune. Mutumin Kano in filoginsa ya ƙone, ya hau adaidaita ya nufi Sabon Gari. Mutumin Shinkafi sai ya jira kasuwar ranar Alhamis ko wani ɗan kasuwa ya zo da shi, in bai zo da shi ba ya ba direba saƙo zuwa Gusau, kuma kowa ya san halin rashin tsaron da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suke ciki a shekarun nan. A watan Satumba na 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a jihar, ko odar ma ba ta yiwuwa. Wanda kayansa suke kai biyar daban-daban, sai ya ajiye safaya iri biyar. Wanda ya tsaya a kan ɗaya, ƙulli guda ya ishe shi shekara, kuma in batirinsa ya ƙare a fili zai ari na abokinsa.

Zaɓina ga yankinmu XT60 ne. Ba ya shiga a juye, yana da wurin kamawa, kofinsa yana da sauƙin soda ko ga mai koyo, kuma ba 'yan motar rimot kaɗai ke amfani da shi ba: yana zuwa a jikin akwatunan wutar sola na hannu da baturan kekunan lantarki, don haka masu kayan sola ma sun fara saninsa. Ƙananan motocin yara da na gwangwani, XT30 ya ishe su har ya yi yawa. XT90 a bar wa manyan motoci masu girman 1 cikin 8 da ke aiki da bolt 14.8. Mai batirin ramuka kuma ya duba abin da ke hannunsa: in 4 ne kuma ba ya zafi, ya zauna a kai har baturan su mutu, sannan ya koma 5 gaba ɗaya rana guda, da mota da caja.

Ina roƙon masu shagunan kayan lantarki na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, in an tashi sari a Kano ko Legas, a riƙa haɗowa da XT60 da XT30 na gaske, mace da namiji, da robar tsukewa da waya mai lamba 14. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa a ajiye, kuma masu nema suna nan. Iyaye kuma, in kun ga batirin motar yaro ya kumbura, kada a kawo shi a canja masa kai. A cire shi daga ɗaki, a sa shi a tukunyar ƙasa a rufe da yashi nesa da danga da rumbu, a sayo wani.